Dashen Shinkafa a Aji Shida

A makarantarmu, kafin manoman gari su fara dashen shinkafa mu mun riga mun gama namu. Haka muke kiran abin a ɗakin malamai, ƙasa-ƙasa. Ranar gwajin lissafi na farkon shekarar karatu, cikin Afrilu, malami zai goya hannu a baya ya bi layin tebura, yana duƙawa yana ɗagowa kamar mai dashe a fadama. Inda ya ga amsar da ba daidai ba sai ya ɗora yatsa a kai, ya wuce. Yaro ya ɗauki magogi ya gyara. Tunda ba a ce uffan ba, ba wanda ya yi laifi.

Gwajin nan fa ba na cin aji ba ne. Hukumar ilimi ta lardi ce ke aiko shi don a gane inda kowane yaro ya maƙale. Wanda ya ci ƙasa da maki talatin, a sa shi ƙaramin ajin Laraba da Juma'a wurin tsohuwa Malama Ebihara, wadda ko dutse aka ba ta sai ta koya masa ƙirga. Matsalar ita ce ana jera sakamakon makarantu, mu kuwa shekara huɗu muna na uku. Malam Kuramochi, mataimakin shugaba, ya fi ƙaunar wannan na ukun a kan 'ya'yan cikinsa.

Ni ma na yi dashen, shekara tara, ba zan ɓoye ba. Chinatsu ce ta tsayar da ni. Yarinya ce mai ladabi, rubutunta tsaf, jakarta tsaf. Wata rana na ba ta takardun launi talatin da shida ta raba wa rukuni huɗu, na ce tukuna, nawa-nawa za su samu? Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. 'Yar shekara sha ɗaya ba ta iya rabawa ba, saura shekara guda ta shiga sakandare. Yatsunmu ne suka kawo ta nan, har da nawa. Ranar ji na yi kamar in nutse don kunya, daga baya kunyar ta koma fushi.

A taron safe na ranar gwajin na miƙe na ce ba za a yi dashe a ajina ba. Kowa ya kama kallon kofin shayinsa. Malam Kuramochi ya ce shi bai san abin da nake nufi ba, sannan cikin taushin murya ya tuna mini cewa akwai wata makaranta a tsibiri da ke neman gogaggiyar malama irina.

"Madalla, Mataimaki," na ce. "Dama ina son kifi."

Kafin in raba takardu na zaga aji da kwanon abincin rana na tattara magogi kaf, talatin da ɗaya. Na ce wanda ya canza ra'ayi ya ja layi ɗaya a kan amsar farko, ya rubuta sabuwa a gefe. Na faɗa musu kuskurensu nake so in gani, don shi ne aikina.

Minti ashirin da farawa ƙofa ta buɗe. Ga Malam Kuramochi da silifas ɗinsa na cikin gida, wai ya zo duba taga ko iska na shiga. Ya goya hannu a baya ya kama layin farko. Ya dasa yatsa a takardar wani yaro, yaron ya laluba magogi bai samu ba, ya ja layi. Mataimaki ya tsaya yana kallon layin nan. Ya gane duk inda ya taɓa sai ya bar shaida, amma girman kai bai bar shi ya juya ba. Kafin in zagayo ya isa teburin Chinatsu.

Ya ɗora yatsa a tambaya ta huɗu. Ba ta motsa ba. Ya sake bugawa, da ɗan ƙarfi.

"Mataimaki, taga tana can," na ce, na tsaya tsakaninsa da teburin.

"Malama Nakagomi, matsa."

"Ajina ne. Ba inda zan matsa."

Sai muryar Chinatsu, siririya, amma har bayan aji an ji ta. "Malam, na san ba daidai ba ne. Ko ka nuna mini, ban san yadda ake yi ba."

Fensura suka tsaya. Mutumin nan da ke iya magana awa guda a taron iyaye ya janye yatsansa. Ya je ya taɓa tagar, ya fita. Da ƙararrawa ta buga na tattara takardun, na zuba a ambulan, na liƙe, na buga hatimina a bakinsa a gaban yaran.

A jerin makarantu muka faɗo na sha ɗaya. Wata biyu ba mai cika mini kofin shayi a ɗakin malamai, ni kuwa na sayi tulun shayina na kafa a kan tebur. Yara biyar daga ajina suka shiga ƙaramin aji. Chinatsu ta ci sha tara.

Ranar Laraba ta uku da fara ƙaramin ajin, Chinatsu ta same ni ina sharar allo, riƙe da littafinta, fuska a ɗaure. Ban taɓa ganin yarinyar nan tana fushi ba.

"Malama, takardun launin nan tara-tara ne," ta ce. "Malama Ebihara ta nuna mini da wake, ko minti goma ba a yi ba. Me ya sa ba wanda ya nuna mini tun ina aji uku?"

Ni ce malamarta a aji uku. Na ajiye tsumman, na sunkuya mata har ƙasa ina neman gafara.