Ido Ɗaya a Ƙarƙashin Motar Ciyawa

Maigidana ido ɗaya gare shi, na dama. Na hagun ɓarɓashin ƙarfe ne ya tafi da shi tun yana aiki a gareji, kafin ya samu aikin kula da filin makarantar da muke zaune a bayanta, yau shekara tara. Shi ya sa ranar da na kai masa abincin rana na tarar da ƙafafunsa kawai a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin motar yankan ciyawa, sai gabana ya faɗi.

"Me kuma ya same ta?"

"Bel ne ya cinye," ya ce daga ƙasa. "Na sa sabo. Sifirin kawai ya rage in mayar."

Kawai! Mutumin nan in ya ce kawai, to akwai aiki ja. Na durƙusa na leƙa. Sifirin ɗin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa, bai fi tsawon tafin hannuna ba, amma ga kauri. Shi ke jan 'yar tayar da ke danne bel, in babu shi motar ba ta motsi. Ƙugiyarsa ɗaya tana maƙale a jikin tayar, ɗayar kuwa sai an ja ta da ƙarfi ta faɗa wani ɗan rami a ƙarfen motar. Wai wajen cire shi da safe ya suɓuce daga filaya ya daki ƙarfe har fenti ya ɓare. Ya nuna mini wurin yana dariya, kamar wani abin alfahari.

"Baban yara, ka kira makaniki mana."

"Gobe da safe ake wasan ƙwallo, ciyawa ta kai ƙauri. Kuma shugaban makaranta ya fara tambayata ko aikin bai yi mini yawa ba. In kira makaniki saboda sifirin? Ni?"

Ya zarga igiya a ƙugiyar, ya fito da ita ta bayan motar, ya naɗa ta a wani guntun katako ya miƙa mini.

"Ke ki ja, ni in saita. Kada ki saki sai na ce."

Na zauna a ƙasa, na tokare tayar baya da ƙafa, na ja. Abin ya fi ƙarfin yadda na zata, har kafaɗuna suna ƙara. Daga inda nake ina ganin hannunsa yana tura ƙugiyar, ta wuce ramin. Ya dawo da ita, ta kasa kaiwa. Na san dalili, ko da yake bai taɓa yarda ya faɗa ba. Mai ido ɗaya ba ya iya gane nisan abu da kyau. Na sha ganinsa yana zuba shayi a gefen kofi ya ce teburi ne ya karkace.

Sai ya zare tabaransa na aiki ya ajiye, wai gumi ya rufe gilashin. Ya ɗago kai ya kusantar da fuskarsa, ya karkata ta yadda idon mai gani zai fuskanci ramin. Tsakanin idon da ƙugiyar bai kai tsawon yatsa ba.

"Ƙara kaɗan. Kaɗan dai."

Tafin hannuna ya jiƙe. Na ji katakon ya fara juyawa a hannuna a hankali, igiyar tana neman warwarewa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ga idan abin nan ya kuɓuce, da hannuna zan makantar da mijina. Na cije leɓe, na riƙa sassautawa kaɗan kaɗan har sifirin ya koma ya kwanta.

"Wa ya ce ki saki? Saura ƙiris fa!"

"Fito."

"Ke wai..."

"Na ce ka fito! Wallahi ba zan sake jan igiyar nan ba fuskarka tana wurin."

Ya fito yana huci, ciyawa duk a gashinsa. Na ɗauki tabaran na goge da gefen zanena na saka.

"Kai ka ja, ka fi ni ƙarfi. Ni zan saita."

"Ba ki san komai a kan inji ba."

"Zare nake sa wa a allura kullum, wannan ramin ai ƙofa ce. Kuma ni ido biyu gare ni."

Bai ji daɗin maganar ba, na gani a fuskarsa. Ya dubi filin, ya dubi rana da ta fara karkata, ya karɓi katakon.

Ƙarƙashin motar nan ƙunci ne da warin mai da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Da ya ja, sifirin ya miƙe yana wata 'yar ƙara a saitin goshina. Na kawar da kai gefe iya yadda zan iya, na sa sukundireba na tura ƙugiyar. Ta gogi bakin ramin ta zame. Na ce ya ƙara. Na sake turawa, sai ji na yi ƙwas, ta faɗa ciki ta zauna daram.

"Ya shiga! Saki."

Igiyar ba ta sassauta ba.

"Baban yara, na ce ya shiga."

"Fito tukuna," ya ce.

"To ai an gama."

"Ki fito, don Allah."

Na jawo jikina waje. Yana nan zaune, ƙafa a jikin taya, jijiyoyin wuyansa sun tashi, igiyar ta zame daga katakon ya naɗe ta a hannu har ta yanke shi, jini yana bin tsintsiyar hannunsa. Sai da ya ga na miƙe tsaye sannan ya buɗe yatsunsa.

Na zo in duba ciwon, ya janye hannun. Ya zare mini tabaran, ya riƙe fuskata da hannuwansa masu baƙin mai, ya duba idona na dama, ya duba na hagu, ya sake duba na dama.

"Haka kike ji duk lokacin da na shiga ƙarƙashinta?" ya ce.

"Shekara tara ke nan," na ce.