Tukwane Huɗu Masu Tabo

Malam Ya'u, mai kula da lambun gidan Dakta Yusra, ya ga ƙazanta a duniya, amma ta 'yan boko daban ce. Mace da iliminta ta jera tukwanen shinkafa arba'in a bayan gida, suka yi kore shar, sannan ta zo da kwalbar wani ruwa mai yauƙi kamar majina, tana tsoma almakashi tana datse bakin ganye. Wai cuta take sa musu. Da gangan fa! Cutar da ta cinye masa gona a Auyo damina biyu a jere, har ya baro iyali ya zo birni aikin lambu.

Abu ɗaya ya kulle masa baki. Ta yi alkawarin in ta dace da irin da cutar ba ta iya masa, shi za ta fara ba wa ya koma gona.

Tana Zariya wajen taro tukwane huɗu suka fito da tabo baƙi-baƙi, kamar an ɗosana musu garwashi. Ya'u ya ja da baya. Wane manomin kirki ne zai bar mai ciwo cikin masu lafiya? Ya tuge su yana tofar da yawu, ya haɗa da shara ya banka musu wuta, ya wanke hannu da toka har sau biyu.

Ranar Laraba ta dawo, ta tsaya a kan tukwanen.

"Baba Ya'u, ina huɗun nan?"

"Na raba ki da su, Dakta. Sun ruɓe."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ba ruɓewa ba ne, Baba. In cuta ta shiga ganye, ƙwayoyin halittar da ke bakin wurin sukan kashe kansu don ta rasa abin ci, ta tsaya a nan. Tabon ke nan. Waɗanda ka bari ba su ma san an shigo ba."

Ta tsinko wani koren ganye ta ɗaga a rana. Gefensa ya jiƙe, wani ruwa na tsattsafowa kamar mugunya. Ya san shi sarai. Ya kau da kai.

"Akwai sauran irin nasu?" ya tambaya a hankali.

"Su ke nan ka ƙona. Shekara uku ina haɗa su."

Ya'u ya zauna a bakin famfo, ya rasa inda zai sa hannuwansa don ƙyama. Jiya-jiya, ganin sauran tukwanen sun yi kore shar, ya buga wa matarsa Dije waya, ya ce an dace da iri, a fara sharar gona.