Shekarar Da Dusar Ƙanƙara Ba Ta Sauka Ba

Sakkura ta cika shekara arba'in da uku ba ta taɓa kwana uku a jere a wajen ƙauyensu ba. Su uku mahaifiyarsu, Nna Tawus, ta haifa. Babban, Arezki, yana aikin asibiti a Tamanrasset, can cikin Sahara. Autar, Wardiya, aure ya kai ta Kanada. Sakkura ce ta tsakiya, ita aka bar wa gida da gonar itatuwan ceri masu jajayen 'ya'ya da tsohuwa, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara tara da suka wuce, yanar ido kuma ta rufe mata gani sai dishi-dishi take gani.

A wannan hunturun ne aka ce lokacin tafiyar Sakkura ya zo. Wardiya za ta haihu a watan Afrilu, ta aiko da takardu, biza ta fito. Arezki ya ce zai ɗauki hutu, shi da matarsa Malika su zo su riƙe tsohuwa wata biyu, su tsinke ceri idan ya nuna, rabin amfanin gonar nasu. Sakkura ta san ba don son jinya matar yayan nata ta yarda ba, amma ba ta damu da dalili ba, su dai zo.

Sai dai Disamba ya wuce, Janairu ya bi bayansa, duwatsun Jurjura da ke saman ƙauyen na nan baƙaƙe ƙirin, dusar ƙanƙara ba ta rufe su ba. Kullum da safe kafin ta sha kofi tsohuwa za ta tambaya.

"Ta sauka?"

"Ba ta sauka ba, Yemma." Haka suke kiran uwa a yarensu.

"Kin duba da kyau?"

Wardiya kuwa kullum sai ta kira tana ƙorafi. Ta juya waya ta nuna motar mijinta da ta nutse cikin dusar ƙanƙara har gilashi. "Wallahi, Nanna yayata, na gaji. Ki zo da buhu ki kwashe abinku." Arezki shi ma in ya kira cewa yake yana zaune da shimi, fanka na juyawa, ya manta yadda ake hura murhu.

A maɓuɓɓugar ƙauye ruwa ya koma kamar zare. Can ta tarar da dattijon maƙwabcinsu Dda Meziyan zaune kan jarkarsa yana jira ta cika.

"'Yar Kanada, har yanzu kina nan?"

"Ina nan, Dda Meziyan. Sai Afrilu."

"To in kin je ki gaya musu su dawo mana da hunturunmu. Aro muka ba su." Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna gangaren gonaki da sandarsa. "Kin ga abin da itatuwanki suke yi?"

Ta gani. Ana tsakiyar Fabrairu, amma ɗumi ya ruɗi itatuwan sun ɗauka sanyi ya wuce. Cikin mako guda gonar ta yi fari fat, har da tsohon itacen da ke tsakar gida. Matasa suka riƙa zuwa daga gari suna ɗaukar hoto. Dda Meziyan dai cewa ya yi furen da ya riga lokacinsa ba ya son ganinsa.

Wata ranar Talata da hantsi iska ta taso daga arewa, mai sanyi kamar wuƙa, ta zo da ƙanƙara ƙanana kamar wake. Ba ta fi rabin awa ba. Da ta lafa Sakkura ta gangara gona da takalmin roba. Rassa sun koma tsirara. Ƙanƙarar ta riga ta narke, furanni kuwa sun rufe ƙasa, suna manne mata a takalmi. Ta bi itace talatin da shida ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga reshen da ya tsira da abin kirki ba.

Da ta dawo ta tarar tsohuwa ta ja jiki har bakin gado, ta kafa ido a ƙofar da aka bari buɗe.

"Sakkura! Tsakar gida ya yi fari. Ta sauka, kin ƙi gaya min!"

Sakkura ta dubi furannin da suka rufe tsakar gidan.

"Ɗauke ni ki kai ni. Ki ɗora tukunya kuma, yau miya mai yaji za mu sha."

Ta ɗauke ta kamar yadda ta saba, hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ta zaunar da ita a kujerar bakin ƙofa, ta lulluɓe ta da bargo. Tsohuwa ta miƙa hannunta mai lafiya, ta ce a ɗebo mata. Sakkura ta ɗebo ta zuba mata a tafin hannu. Nna Tawus ta murza, ta kai hanci, ta ji ƙamshin fure.

"Duka ya zube?"

"Duka, Yemma."

"Mayar da ni ciki."

Kwana huɗu Sakkura ta yi ba ta gaya wa Arezki ba, amma labari ya riga ta. Ranar Asabar bayan azahar ya kira. Ya yi jaje mai tsawo, ya yi maganar ikon Allah, sannan ya yi gyaran murya.

"Wato, ƙanwata, maganar hutun nan ta ɗan samu matsala. Ma'aikata sun yi mana ƙaranci."

"Dadda yayana, makon jiya ka ce an sa hannu."

"An sa, amma kin san aiki. Ita ma Malika ƙirjinta ba ya son sanyin dutse."

"Wane sanyi? Bana ko sanyin ba mu samu ba."

"Kada ki ɗauka da zafi. Baɗi in Allah ya kai mu."

"Bizar wata shida ce."

"A sake nema mana. Ba ni Yemma mu gaisa."

Ba ta ba shi ba. Ta kashe wayar ta kife ta a kan tebur. Ta manta ƙofar ɗakin tsohuwa a buɗe take.

"Sakkura."

Ta shiga. Lokacin juya ta ya yi, don haka ta sa hannu ta juya ta zuwa ɗaya ɓarin, ta gyara matashi, ta shafa mata man zaitun a kafaɗar da ta yi ja. Tsohuwa na fuskantar bango ta yi magana.

"Da na mutu bara, da yanzu kina can."

Ya kamata Sakkura ta ce haba Yemma, daina faɗin haka. Ta san ya kamata. Amma hannunta ya ci gaba da shafa man, kuma kafin ta ce "Allah ya ƙara miki kwana" an yi shirun da su biyun suka ji tsawonsa.

Wardiya ta haifi 'ya mace ranar sha ɗaya ga Afrilu. Wata maƙwabciyarta 'yar Haiti ce ta zauna da ita a asibiti. Sakkura ta ga jaririyar a waya, ta kara wa tsohuwa a kunne ta ji kukanta. A wannan watan maɓuɓɓuga ta ƙafe gaba ɗaya, aka fara kawo wa ƙauyen ruwa a tanka, sau biyu a mako. Motar ba ta iya hawa lungunsu, sai dai ta tsaya a dandali ta yi ham. Sakkura takan kulle tsohuwa a ɗaki don kada ta faɗo daga gado ba kowa, ta sauka da jarka biyu, ta hau layi, tana ƙirga mutanen da ke gabanta tana waiwayen gida.