Bidiyon Rekiya

Lauratu na shanya a tsakar gida ƙanwarta Batula ta faɗo ba sallama, ta tura mata waya a fuska.

"Yaya, duba. Wannan ba mayafin Rekiya ba ne?"

Sai da suka jira wata mata ta gama tallan man shafawa a wayar, sannan wata mota ta fito, a kife kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Mai ɗaukar bidiyon ya matso har kan fuskar Rekiya, 'yar Lauratu. Haka labarin ya iske ta, tun kafin a kira daga asibiti.

Ranar sadakar uku Malam Sirajuddeen, mai koya wa Rekiya aikin jarida a jami'a, ya zo gaisuwa da wasu takardu.

"Hajiya, binciken da take rubutawa ne, kan mabiya addinin Buddha, can Asiya. Sun ce kada mutum ya yaɗa magana sai ya tabbatar gaskiya ce, tana da amfani, kuma lokacin faɗarta ya yi."

"Malam, sai an je Asiya za a san wannan? Kakata ma ta sani, ita da ko allo ba ta riƙe ba. Shi mai ɗaukar nan, wa ya koya mashi? Ni dai a cire mani 'yata daga wayoyin mutane."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba shi da iko, amma akwai wurin kai ƙara. Ya nuna mata a waya inda za ta danna: ɗigo uku, sai layi na biyu.

Wata guda, kullum kafin ta ɗora tandar wainar sayarwa, sai ta buɗe bidiyon ta danna wurin ƙarar. Ba ta iya karatu ba, amma ta san lamba, kuma lambar da ke ƙasan bidiyon hawa kawai take yi.

"Batula, wai waɗanne marasa tsoron Allah ne ke kallo har yanzu?"

Batula ta ce, "Yaya, duk buɗewar da kika yi, har da ke ake ƙirgawa."

Lauratu ta kife wayar. "Duk bokon malamin nan, ya kasa faɗa mani wannan?"

Ba ta sake buɗewa ba. Yanzu kowace safiya, duk wanda ya miƙo kwano da waya a hannu, sai ta tsai da ludayi.

"Kana da shi?"

Wasu su rantse, wasu su kau da ido. Ba ta zuba miya sai ta ga an goge.