Man da Ya Kwanta Gefe Guda

Motar ta yi tari, ta shaƙe, sannan ta mutu a inda babu ko inuwar sanda. Auta ya murza sitiyari da ɗan sauran gudun da ya rage, ya sauke ta daga kwalta, tayoyin dama suka faɗa gangaren bakin titi. Ta tsaya a karkace kamar mai ciwon kwiɓi.

Yayarsa, wadda duk unguwa ke kira Maikaji, waiwayawa ta fara yi. Kujerar baya cike take da kwalaye masu huji-huji, cikinsu 'yan tsaki ne ƙyanƙyasar jiya. Da su take son sake tayar da kiwonta, bayan cutar da ta share mata keji kaf. Muddin mota na tafiya, iska na ratsa su. In ta tsaya a ranar nan kuwa, ta zama murhu.

"Ba ka ce mini ka sha mai ba?"

"Geji fa rabi ya nuna, Yaya. Duba ki gani."

"Gejin motar Baba? Tun kana sa wando a baibai allurar nan take kan rabi. Sai ta sha mari take faɗin gaskiya."

Ta kai wa gaban motar duka. Allurar ta girgiza, ta sulale har ƙasa. Auta, ƙato da gemu da 'ya'ya, ya sosa ƙeya. Ya zaro 'yar jarka daga but, ya tare mai babur ya nufi gidan mai.

Maikaji ta wangale ƙofofi, ta rataya mayafinta a gilashin da rana ke dukansa, ta yago murfin kwali tana fifita. Tun asuba take tsaye a layin gidan gona, ƙafafunta sun kumbura, bayanta kamar an sara. Kukan tsakin bai dame ta ba. Raguwarsa ce ke tsinka mata zuciya. Kwalin da ke can ƙasa ya soma yin shiru.

Da Auta ya dawo, ya yanke robar ruwa ya yi mazurari, ya juye man tas. Ya shiga ya murza makulli. Injin ya yi ta gurnani, bai kama ba. Ya sake. Ya kuma sakewa, yana taka totur kamar mai kashe kunama. Gurnanin ya yi ta jan ƙafa har ya koma nishi.

"Ƙyale shi haka nan! Ka cinye mai, yanzu kuma batir za ka cinye?"

Wani mai faci ya taso daga rumfarsa da ke tsallaken titi, yana goge hannu da tsumma. Ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya girgiza kai.

"Hajiya, famfon mai ne ya ƙone. Sai dai a nemo bakanike. In an yi sa'a, zuwa yamma."

Zuwa yamma babu tsakon da zai rage. Maikaji ta koma kan kwalayenta. Ta buɗe kwalin ƙasa. 'Yan tsakin sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, wasu sun kwanta. Ta ɗauki murfin bokiti ta ajiye a tsakiyarsu, ta tsiyaya ruwa. Ruwan ya gangara ya taru a gefe guda, ɗaya gefen ya bushe ƙayau, tsakin da ke sama suna ta saran roba.

Ta tsaya tana kallo. Haka take fama kullum a keji in an ajiye mazubin ruwa a karkace.

"Auta, tankin motar nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar faranti?"

"Haka yake."

"To man naka yana can ya kwanta gefe guda, famfo na tsotsar iska. Ku mayar da ita kan kwalta."

Mai faci ya dubi motar, ya karkata kai daidai karkatarta. "Wallahi biri ya yi kama da mutum."

Tunda ita ce marar nauyi, ita ta shiga mazaunin direba. Rabonta da sitiyari tun Baba na iya zama a gefenta yana faɗa. Mazan biyu suka sa kafaɗa. Motar ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba, Auta na nishi yana kiran sunan Allah, har tayoyin suka hau kwalta ta daidaita.

Ta murza makulli rabi kawai, ta kasa kunne. Can baya famfon ya yi ɗan zuuu, ya yi shiru. Ta kashe, ta sake, har sautin ya yi kauri, alamar ya sami abin sha.

"Batir ba zai iya ba. Ku tura!"

"Giya ta biyu, Yaya!"

"Ni na koya maka, sarkin rabin tanki. Tura!"

Suka tura. Da gudu ya kankama ta saki kuloci. Motar ta zabura, ta yi kamar za ta amayar da ita ta gilashi, ta yi tari, bututun salansa ya tofar da baƙin hayaƙi, injin ya kama.

"Kar ki tsaya!" in ji mai faci yana haki.

Da ma ba ta da niyya. Auta ya bi ta da gudu, takalmi ɗaya a hannu, ya faɗo ciki ƙafarsa na jan ƙasa. Ta ɗaga wa mai faci hannu ta taga tana yi masa godiya da ƙarfi. Iska ta shigo, kukan tsaki ya soma dawowa kaɗan-kaɗan.

A gida ta durƙusa cikin keji tana juye kwalayen. Akasarinsu suka ruga kan ruwa. Na kwalin ƙasa ne ba duka suka tashi ba. Ta tsince waɗanda suka sandare, ta tara su a gefen zaninta, ba ta ƙirga ba. Ta gyara zaman mazubin ruwa da ɗan dutse har ya daidaita.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙo hannu a hankali.

"Yaya, makullin. In je in cika ta."

Ta dube shi, ta dubi abin da ke zaninta. Ta jefa makullin cikin jakarta, ta zauna a kan buhun dusa, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.