Saƙon Maman Soja

Mata huɗu ne suka kama gefen katifar suka fito da ita daga bayan motar, Hure kuma tana riƙe da ƙyauren gidan don kada ya rufe musu. Rana ta take, ƙasar lungun ta yi zafi har tana ratsa takalmi.

"A hankali, kanta! Ku ɗaga ta nan," in ji Hannatu, babbar cikinsu.

Rifkatu ta buɗe ido daga kan katifar. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, amma da ta ga Hure sai ta yi murmushi.

"Maƙwabciya, kin ga yadda aka maida ni amarya? Ɗaukata ake yi."

"Sannu, Maman Soja. Sannu da dawowa," Hure ta ce.

Tun da safe labari ya iso lungu cewa likita ya sallami Rifkatu, ya ce a kai ta gida ta huta. Kowa ya san ma'anar irin wannan sallamar.

Shekara ashirin da biyu ke nan katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Ƙofar Sauri. Rifkatu da mijinta Dauda daga wani ƙauye na ƙasar Kafur suka zo. Hausawa ne, Kiristoci, shi yana aikin gyaran famfo. Da farko matan lungu ba su shiga gidan, sai dai gaisuwa daga ƙofa. Hure ce ta fara shiga, ranar da turminta ya tsage ta je aro, daga nan kuma ba ta daina ba. Dauda ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar Rifkatu da ɗa guda, Filibus. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, tun da ya shiga aikin soja sai ta riƙa ce masa Soja, lungu kuma ya sa mata Maman Soja. An tura rundunarsu ƙasar Saliyo. Wasiƙarsa takan zo duk bayan wata biyu, amma tun watan Janairu, da aka yi mummunan faɗa a babban birnin can, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Matan da suka kawo ta 'yan Zumuntar Mata ne na majami'arsu. Ba su bar ta ita kaɗai ba ko na yini ɗaya. Biyu-biyu suke zuwa, wasu su yi wanki, wasu su juya ta su shafa mata mai a baya. Hure kuwa nata kunu ne, kowace safiya, na tsamiya mai ruwa-ruwa, ko da cokali uku kawai za a sha. In ta ga sun sunkuyar da kai za su yi addu'a, sai ta ajiye kwanon ta fice. Haka suka saba tun da can, ba wadda ta taɓa jin haushi.

Ranar Alhamis da la'asar matan suka zo gaba ɗayansu, sun fi talatin, sanye da zanen ankonsu. Tun da Rifkatu ba ta iya zuwa taron mako, sai suka kawo mata taron gida. Suka cika tsakar gidan har bakin rariya. Hannatu ta zauna ta sa tulun kiɗa tsakanin ƙafafunta. Hure ta zo ɗaukar kwanonta ke nan suka fara, hanyar fita kuma ta toshe, sai ta raɓe a jikin bango.

Shekaru da yawa Rifkatu ce mai ba da waƙa, su amsa. Yau wata matashiya aka sa. Ta yi baiti ɗaya, ta zo na biyu sai muryarta ta sarƙe, ta rufe fuska da gefen zani. Tulun ya ci gaba shi kaɗai. Can daga cikin ɗaki sai wata siririyar murya ta ɗauko baitin, tana rawa, tana tsayawa neman numfashi. Matan suka amsa da ƙarfi har kajin gidan suka watse. Waƙar a kan kabarin da aka iske babu kowa ciki ce. Hure ta sha jin ta ta kan katanga tana tankaɗe ko tana tsintar shinkafa. Ba ta taɓa ganin fuskokin masu yin ta ba sai ranar.

Washegari da hantsi ta iske Rifkatu ita kaɗai, masu jinya suna shanya a waje. Daga zauren Malam Gwadabe, mijin Hure, rediyo yana ta bayanin shirin gobe Asabar, ranar da sojoji za su miƙa mulki ga farar hula.

"Kin ji ko?" Hure ta ce tana fifita ta da mafici. "Malam ya ce in farar hula suka hau, yaranmu da ke waje duk za a maido su. Kwana nawa ne? Za ki gan shi da idonki."

"Hure, kar ki yi mani irin ta likita." Rifkatu ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "Zan gan shi kam. Amma ba a ɗakin nan ba."

"Haba, daina faɗin haka."

"Matso ki ji. In ya zo ya iske ƙofa a rufe, gidanki zai fara shiga. Ba wurin Fasto ba, ba wurin Hannatu ba. Tun yana rarrafe haka yake. Na san halinshi, zai ce ya makara, zai ɗauki abin ya aza ma kanshi har ya tsufa. Ki ce mashi na ce bai makara ba. Gaba kawai na yi. Ki ce Yesu ya tashi, ni ma zan tashi, shi ma haka, da jikinmu, ba ciwo. Ki ce zan gane shi ko cikin mutum dubu nawa ne."

Hure ta daina fifitar. "In kuma..."

"In kuma shi ya riga ni? To, ni zan iske shi. Dare nawa na yi ina tunanin ko a wane daji aka rufe shi, ko an ma rufe shi ɗin. Daga baya na ce, ni ce ban san wurin ba. Mai tashe shi ya sani." Ta lumshe ido. "Mu shi muke ce ma bege."

"Mu kau bege kewa ce."

"Akwai kewar a ciki, Maƙwabciya. Da yawa ma."

Hure ta dubi hannun da ke kan zanin, duk jijiyoyi. Hannun nan ne ya riƙe ta shekara tara da suka wuce, ranar da ɗiyarta Iklima ta rasu wurin haihuwa. Kwana arba'in Rifkatu tana shigowa da asuba ta hura mata wuta, ta share gida, ta zauna kusa da ita ba ta cewa komai. Hure ta yi imani da tashin ƙiyama tun tana yarinya a makarantar allo, kuma kullum bayan salla tana roƙon a haɗa ta da Iklima. Amma akwai tambayar da ta kwana biyu tana ci mata rai, ba ta iya kai ta gaban Malam ba.

"Ni da ke fa, Maman Soja?"

A waje ana matse wanki, ruwa yana zuba a daro.

"Wannan ban da amsarta," in ji Rifkatu. "Kin san abin da na riƙe, na san abin da kika riƙe. Wanda ya haɗa mu katanga ɗaya bai yi shawara da mu ba. Kullum ina faɗa mashi sunanki. Na bar mashi."

"Ni ma ina faɗin naki," in ji Hure.

Ta ɗauki maficin ta ci gaba.

Ranar Asabar kowane zaure da rediyonsa, maza sun taru ana sauraron rantsuwa da bushe-bushen sojoji. Hure tana gindin murhu tana dama kunu, kunnenta na gidan maƙwabta. Kuka take jira. Abin da ta ji waƙa ce, ƙasa-ƙasa, muryoyi biyu kawai, ba kiɗa. Ludayin ya tsaya a hannunta. Jim kaɗan Hannatu ta yi sallama, idanunta jawur.

"Inna Hure, ta yi barci."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Hure ta ce. Ta sauke tukunyar, ta rasa inda za ta ajiye ta.

Malam Gwadabe ya kashe rediyo, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mamaciyar. Shi da dattawan lungu suka zauna tare da Fasto Tanko da mutanensa ana karɓar gaisuwa. Ranar Talata da za a yi jana'iza, Hure ta tsaya a bakin zaure da mayafinta.

"Malam, ina son in raka ta."

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. "Je ki. Hakkin maƙwabtaka ne."

Ba ta taɓa shiga majami'a ba. Ta tsaya daga baya kusa da ƙofa, wata mata ta matsa mata a benci, ta zauna a ɗofane. Akwatin yana gaba, an lulluɓe shi da zanen Zumunta. Fasto Tanko ya yi magana da Hausa, a natse. Ya ce ba ban kwana suka zo yi ba, rakiya ce, kamar yadda ake raka mai tafiya tasha. Ya ce wanda ya ba da iri ga ƙasa ba ya cewa ya yi asara. Sannan ya sa jama'a suka miƙe aka yi wa Filibus addu'a da sunansa, duk inda yake.

Da za a fita da akwatin sai tulu ya ɗauka, matan suka jeru suna takawa, wata ta rangaɗa guɗa. Ran Hure ya ɓaci. Guɗa a kan gawa? Matar da ta mutu da kewar ɗanta? Ta yunƙura za ta fita, sai jerin ya iso daidai bencinta. Hannatu ce a gaba, an karɓar mata tulun, yau ita ke ba da waƙar. Bakinta a buɗe, muryarta ba ta rawa, hawaye kuwa sun jiƙa mata gaban riga sharkaf. Na bayanta ma haka, da na bayan ta. Hure ta koma ta zauna har suka wuce. Ba ta bi su maƙabarta ba. Ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana.

Ita aka bar wa makullin gidan. Duk ranar Alhamis mata biyu sukan zo su karɓa, su share, su buɗe taga ɗakin ya sha iska.

"Don mi kuke wahala?" ta tambayi Hannatu wata rana.

"Mai gida zai dawo, Inna. Kar ya iske ƙura."

Damina ta sauka, ta yi, ta ɗauke. An ce sojoji sun fara dawowa, na wasu garuruwan sun iso. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai Hure ta leƙa.

Sai da aka yanke gero. Wata Laraba bayan azahar tana sussuka a tsakar gida ta ji ana taɓa kwaɗon gidan maƙwabta. Aka yi shiru. Sannan ta ji taku a zaurenta, ƙafa ɗaya da ƙarar sanda.

"Salamu alaikum. Inna?"

Filibus ne. Ya yi baƙi, ya bushe, ƙafar hagu ba ta lanƙwasuwa. Wata shida ya yi a gadon asibiti a can, in ji shi daga baya, rabinsu bai san inda kansa yake ba. Ya dubi fuskarta, ya dubi makullin da ke ɗaure a bakin zaninta.

"Yaushe?"

"Ranar da aka miƙa mulki. Da hantsi."

Ya jingina da bango, jakarsa ta zame daga kafaɗa. "Na makara, Inna. Da na..."

"Tsaya, Filibus. Akwai saƙo." Ta share hannunta da zani, ta tsaya sosai a gabansa. Ta sha maimaita kalmomin a ranta don kada ta canza ko ɗaya, ta kuma sha tunanin ko bakinta zai iya faɗinsu. "Ta ce in ce maka ba ka makara ba. Gaba kawai ta yi. Ta ce Yesu ya tashi, ita ma za ta tashi, kai ma haka, da jikinku, ba ciwo. Ta ce za ta gane ka ko cikin mutum dubu nawa ne. Haka ta faɗa, haka na faɗa maka."

Ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna motsi, ba sauti. Ta bar shi har ya gama, sannan ta kwance makullin ta sa masa a tafin hannu.

"Je ka buɗe. Gobe Alhamis, iyayenka mata za su zo, su kai ka inda take. Bari in ɗora maka ruwa."

Da ta kai masa ruwan wanka ta iske ya buɗe ɗakin amma bai shiga ba. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ya jingina sandar da bango. Yana zaune a dokin ƙofa, ƙafar mai ciwo a miƙe, yana kallon gadon da aka gyara. Ta ajiye bokitin a hankali ta juya.