Kiran da Ya Iske Naziha a Kangon Rumawa

Naziha ba ta ce za ta je ba, ba ta kuma ce ba za ta je ba. Yayarta Wasila ce ta sa sunanta cikin matan unguwa da za su yi balaguron yini guda daga Safakis, su ga kangon Rumawa a Subaitila da hantsi, su yi la'asar a babban masallacin Ƙairawan. Gari na wayewa Wasila ta shigo ta tarar da ita zaune a kicin, shayi ya huce a gabanta. Ta miƙo mata mayafi da takalmi.

"Tashi. Wata goma sha huɗu kina gadin ƙofa, ai ba guduwa za ta yi ba."

Munsif, mijin Naziha, yana ɗaure igiyar takalminsa zai tafi shagonsa na kafinta. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ki bi ta mana. Idan an zo ina nan."

Wata goma sha huɗu ke nan da ɗansu Gassan, mai gyaran firji, ɗan shekara ashirin da uku, ya shiga kwalekwale da wasu samari suka nufi Italiya. Saƙo ɗaya ya bar mata a waya, cewa ta yafe masa, zai kira in ya sauka. Bai kira ba. Watannin farko ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ta bi ofisoshi da hotonsa, ta bari aka ɗebi yawunta da auduga don a gwada da gawarwakin da teku ke fitarwa. Daga baya kukan ya ƙafe don kansa. Tana girki, tana ci, in ka tambaye ta ko gishiri ya ji ba za ta iya faɗa maka ba.

A cikin bas mata sun kai talatin, da ganga, da guɗa tun ba a fita gari ba. Jagoransu wani dogon mutum ne siriri, Malam Lutfi, tsohon malamin tarihi, da malafa da ƙaramar lasifika rataye a wuya. Duk abin da ya faɗa sai Hajiya Mabruka, tsohuwar da ta binne miji biyu, ta tanka masa.

"Malam, Rumawan nan sun bar wani tuzuru a kangon? Ni ko na dutse ne ina so, ba ya cin abinci ba ya faɗa."

"Hajiya, akwai guda, amma ba shi da kai."

"Shi nake nema! Waɗanda na aura masu kai me suka tsinana?"

Bas ta ɗauki dariya. Naziha ta ga bakunansu a buɗe, ta ji ƙarar, ta juya ga taga tana kallon itatuwan zaitun suna wucewa layi-layi. Wayarta na cikin tafin hannunta kamar kullum.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka isa Subaitila. Suka bi titin dutse, Malam Lutfi a gaba yana bayani, har gaban ɗakunan bauta uku da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, masu launin ruwan zuma, ba rufi. Mata suka baje suna ɗaukar hoto. Wasila tana ta jan hannun ƙanwarta.

"Dubi tsayinsa, don Allah! Da me suka ɗaga wannan?"

"Da hannu mana," in ji Naziha.

Takalmin da Wasila ta ɗauko mata na biki ne, ya fara cin diddigenta. Ta bar su suka yi gaba, ta zauna a kan wani faffaɗan dutse mai kwarmi, wanda Malam Lutfi ya ce a kansa ne Rumawa suke matse man zaitun. Nan wayar ta yi ƙara.

Barista Salwa ce, lauyar ƙungiyar iyayen da 'ya'yansu suka ɓace a teku. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi inda Naziha take, ta tambaya ko akwai wani kusa da ita.

"Ki faɗa kawai, Barista."

Lauyar ta faɗa. Sakamakon gwaji ya iso da safen nan. Tun bara, kwana tara bayan tafiyarsu, masunta suka tsamo gawar wani saurayi, aka binne shi a maƙabartar wani ƙaramin gari a tsibirin Sikiliya na ƙasar Italiya, ba suna, sai lamba arba'in da bakwai. An gwada sau biyu. Gassan ne.

"To," in ji Naziha.

"Inna Naziha, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Arba'in da bakwai. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka."

Ta kashe wayar. Ta jira ta ji ko wani abu zai tsinke a ƙirjinta. Shiru. Kusa da ƙafarta tururuwa sun taru a kan ɓarɓashin burodin da wani ya yar, suna jan shi zuwa wata tsaga. Ta zuba musu ido har suka shige da shi. Sannan, a karo na farko cikin wata goma sha huɗu, ta buɗe jaka ta jefa wayar ciki ta ja zif.

"Naziha! Hoto!" Wasila ce ke ɗaga mata hannu daga ƙarƙashin babbar ƙofar dutse. Ta tashi ta je ta tsaya a gefe. Malam Lutfi ya ce kowa ya yi murmushi, ita ma ta buɗe haƙora.

A hanya suka tsaya cin abinci, kuskus da naman rago da kabewa. Naziha ta cinye nata tas, har ta tsotse ƙashi. Wasila ta dafa kafaɗarta cike da murna.

"Kun gani ko? Na ce iska kawai take bukata. Rabon da ta share kwano haka tun yaushe!"

Suka shiga Ƙairawan ana kiran la'asar. Farfajiyar masallacin fara fat, zafi na tashi daga daɓen. Malam Lutfi ya nuna musu ginshiƙan da ke jere a rumfuna, ya ce yawancinsu daga kangayen Rumawa aka kwaso su, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Naziha ta jingina da guda, ta ji sanyinsa ya ratsa mayafinta. A sahun mata ta yi salla, tana sunkuyawa in an sunkuya, tana ɗagowa in an ɗago. Da aka sallame mata suka ɗaga hannu suna addu'a, wasu har da hawaye. Ita ma ta ɗaga nata. Addu'ar da ta saba yi, Allah ya dawo da shi lafiya, ita ce ta zo bakinta. Ta haɗiye ta, ta nemi wata ba ta samu ba, ta shafa.

Ta fito ta sami Malam Lutfi shi kaɗai a inuwa, yana fifita da malafarsa.

"Malam, kai da ka yi karatu. A can Sikiliya, in suka binne mutumin da ba su san ko waye ba, ina suke fuskantar da shi?"

Ya yi dariya kaɗan, yana zaton irin tambayoyin Hajiya Mabruka ne. Da ya dubi fuskarta sai dariyar ta tsaya.

"Wallahi ban sani ba, 'yar'uwa. Wa aka binne?"

"Ɗana. Ɗazu aka kira ni, muna wurin duwatsun nan."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sauke malafar a gwiwarsa. Sannan ya ce, "Duk inda aka juya shi, Allah ya san inda bawansa yake. Yayarki ta sani?"

"Tana jin daɗin tafiyar. Bari ta yi sayayyarta tukuna."

"Bari in ce wa direba mu juya yanzu."

"Don me? Fiye da shekara yana kwance. Awa ɗaya ba za ta ƙara masa komai ba."

Haka ya ja su cikin kasuwa, muryarsa a dushe, yana waiwayen ta lokaci-lokaci. Mata suka cika jakunkuna da makrud, soyayyen cincin ɗin dabino da garin ya yi suna da shi. Wasila ta sayi kwali biyu, ta ɗora wa Naziha ɗaya ta ce na Munsif ne.

Sai da bas ta bar ganuwar gari, an fara gwada ganga, Naziha ta taɓa gwiwar yayarta.

"Yaya, Barista Salwa ta kira. An gano Gassan. Ya rasu tun bara."

Wasila ta dube ta, guntun makrud a hannu. Sai ta ƙwalla ƙarar da ta sa direba ya taka birki ya gangara gefen titi. Ta zube tsakanin kujeru tana dukan cinyarta, tana kiran sunan yaron, tana tuna ranar da ta goya shi zuwa asibiti da ƙyanda. Mata suka rufu a kanta, wannan na yayyafa mata ruwa, waccan na karanta mata Fatiha. Wata baƙuwa da ta biyo ƙawarta ta rungume Wasila tana cewa, "Haƙuri, uwa, haƙuri." Naziha ta ɗauke kwalin da ke shirin zubewa daga kujerar Wasila, ta haɗa da nata ta riƙe a cinya.

Hajiya Mabruka ce ta ratso da sandarta ta zauna kusa da ita.

"Ke fa, 'yar nan?"

"Takalmin nan ne ya matse ni, Hajiya."

"Cire shi." Tsohuwar ta sunkuya da ƙyar ta taya ta zarewa. Diddigen ya saluɓe, jini ya bushe a safa. "Kar ki nemi kukan, kar ki kuma ji kunyar rashinsa. Ya san hanyar gidanki."

Sauran tafiyar ba ganga ba waƙa, sai shessheƙar Wasila.

Ana sallar magariba suka isa Safakis. Naziha ta ce kada kowa ya biyo ta, ta sauka a bakin layinsu da takalmi a hannu. Munsif ya jawo ƙofar shago rabi, garin katako a gashin girarsa. Ya dubi ƙafafunta, ya dubi fuskarta.

"An kira," ta ce. "Shi ne. Yana da kabari."

Munsif ya saki ƙofar. Ya laluba bayansa ya zauna a kan wani bencin da bai gama ba, ya dafe kai da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya a kansa ɗan lokaci, ta kakkaɓe masa garin katakon da ke wuyan rigarsa. Daga nan ta tsallaka gidan maƙwabta ta ƙwanƙwasa, ta ce su ara mata kujeru da manyan tukwane, gobe za a cika gidan da 'yan gaisuwa.